KUJERA ƊAYA, YARO ƊAYA: HAƘƘIN 'YA'YANMU A MOTAR MAKARANTA

A wannan fitowa ina so in yi magana ne a kan wani haƙƙi da ba mu cika tayar da zancensa a wurin taro ba, alhali kuwa abin yana zuwa har ƙofar gidajenmu kullum safiya. Wato motar da ke kwasar 'ya'yanmu zuwa makaranta, da yawan yaran da ake zubawa a cikinta, da kuma bel ɗin da ya kamata a ɗaura wa kowane yaro.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, wata safiyar Litinin da misalin ƙarfe bakwai saura na fito zan tafi kasuwa, sai na tarar da bas ɗin wata makarantar kuɗi ta tsaya a bakin layinmu a nan Agege tana ɗaukar yara. Ba yau na fara ganinta ba, amma ran nan sai Allah Ya sa na tsaya na ƙirga. Motar ƙirar Hayis ce mai kujera 14. Yaran da na ƙirga a ciki 27 ne. Uku suna gaba kusa da direba, har ɗaya gwiwarsa na taɓa giya. An ƙara wani benci na katako a bayan direba, yara biyar suna kai sun juya wa hanya baya. Ƙananan kuwa an ɗora su a cinyar manya, ga jakunkuna da kulolin abinci an cusa a tsakanin ƙafafuwa. Malamar da ke rakiyarsu tana tsaye a bakin ƙofa ta sunkuya, domin babu inda za ta zauna. Na leƙa ina neman bel, sai na ga wasu an tura su ƙarƙashin kujera, wasu kuma an yanke su gaba ɗaya.

Direban ɗanmu ne, na san mahaifinsa. Na ce masa, “Yaro, wannan lodi bai yi yawa ba kuwa?” Sai ya yi dariya ya ce, “Haba Baba, ai yara ne, ba su da nauyi. Kuma ba nisa za mu ba.” Wata baiwar Allah da ta rako 'ya'yanta biyu ta ji mu, bayan motar ta tashi sai ta ce mini, “Malam Sakatare, wallahi kullum gabana faɗuwa yake yi har su dawo. To amma mu da muke zaman baƙunta, in mun yi magana sai a ce mu kwashe 'ya'yanmu.” Wannan magana tata ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin ta nuna mini cewa yawancinmu muna ganin ɓarnar, muna kuma jin tsoro, amma mun ɗauka ba mu da bakin magana.

To 'yan uwa, muna da bakin magana, kuma doka ce ta ba mu shi.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 a sashe na 33 ya ba kowane mutum haƙƙin rayuwa. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zama a duk inda ya ga dama a cikin Nijeriya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Bayan haka akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta yi irin tata a 2007, inda aka ce a duk wani al'amari da ya shafi yaro, maslahar yaron ita ce a gaba da komai. Babu inda waɗannan dokoki suka ce sai yaro ya nuna takardar shaidar zama ɗan asalin jiha kafin a ba shi wurin zama a mota. Mun sha yin kuka a wannan shafi a kan yadda wannan takarda ke tare wa 'ya'yanmu hanya wajen neman gurbin karatu da aikin gwamnati, kuma kukan yana kan hanya. Amma a maganar motar makaranta babu wanda ya tare mana hanya. Kuɗinmu muke biya, kamar yadda kowane uba yake biya.

Ta fuskar dokar hanya kuwa, an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, a 1988 zamanin mulkin Janar Babangida, kuma Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Manyanmu direbobi za su iya tunawa da ranar 1 ga Janairu 2003, ranar da hukumar ta fara tilasta ɗaura bel a duk faɗin ƙasar nan. A lokacin an yi ta gunaguni a tashoshi, wasu ma suka riƙa rataya bel ɗin a kafaɗa ba tare da sun maƙala shi ba, don dai su wuce shinge. A 2007 aka sake yi wa hukumar doka, sannan a 2012 aka fitar da ƙa'idojin zirga-zirgar ababen hawa na ƙasa, waɗanda suka ce wajibi ne mota ta kasance da bel a kujerun gaba da na baya, kuma duk wanda ke ciki ya ɗaura muddin tana tafiya. Haka nan hukumar ta hana a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba. Ɗaukar mutane fiye da adadin da aka ƙera motar dominsa laifi ne mai zaman kansa. A jadawalin tarar da ya biyo dokar 2007, an sa wa lodi fiye da ƙima naira 10,000, rashin ɗaura bel kuma naira 2,000.

Ke nan wannan mota da na ƙirga ta karya doka ta fuska uku a lokaci guda: lodi, da rashin bel, da ƙananan yara a gaba. To amma duk wanda ya san kasuwa zai gane cewa tarar naira 10,000 ba za ta razana mai mota ba, tunda kuɗin da yake samu daga yara 13 da ya ƙara ya ninka wannan tara nesa ba kusa ba. Kuma jami'an hukumar sun fi tsayawa a manyan hanyoyi, ba sa shigowa lungunan unguwa da ƙarfe bakwai na safe. Saboda haka in muka ce mu zuba ido sai hukuma ta gyara mana, za mu daɗe muna jira. Jami'in da ya fi kowa kusa da wannan mota shi ne uba ko uwar da ta riƙo hannun yaro ta kawo shi bakin ƙofarta.

ME YA SA LODI DA BEL MAGANA ƊAYA CE

Wasu za su ce ai sai a sa wa motar bel kawai a huta. Amma bel na kujera ne, kowace kujera da nata guda ɗaya. In kujera 14 ce, bel 14 ne. Yaro na 15 ba shi da bel, kuma babu dabarar da za ta samar masa. Don haka ne na ce gyaran daga ƙirga yake farawa.

Maganar direban nan cewa yara ba su da nauyi, ita ce kuskuren da yawancinmu muke yi. Lokacin da mota ke gudu, duk abin da ke cikinta gudun yake yi tare da ita. In ta daki wani abu ta tsaya nan take, jikin da ba a ɗaure ba zai ci gaba da tafiya da wannan gudu har sai ya samu abin da zai tare shi, ko ƙarfen kujera, ko gilashi, ko kan wani yaron. Karo a gudun kilomita 50 a awa, wanda a wurin direbobinmu ba gudu ba ne, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Masana sun ƙiyasta cewa a irin wannan karo ƙarfin da jiki ke fizga da shi kan kai ninki 30 na nauyinsa. Yaro mai kilo 20 sai ya koma kamar kilo 600, wato buhun shinkafa 12. Ina yayar da za ta iya riƙe buhu 12 a cinyarta? Hasali ma ita kanta za ta tafi gaba ne ta danne ƙanin nata a jikin kujerar da ke gabansu.

Haka kuma ɗaure yara biyu da bel ɗaya ba mafita ba ne, domin kawunansu da ƙugunansu ne za su haɗu da juna. Shi kansa bel ɗin yana da yadda ake ɗaura shi. Na ƙasa a kan ƙashin ƙugu yake zama, in ya hau kan ciki zai iya yi wa hanji da sauran kayan ciki rauni. Na sama kuma ta kan kafaɗa da ƙirji yake bi, kada ya bi ta wuya, kada kuma a mayar da shi bayan yaro. Irin wannan bel mai kama kafaɗa da ƙugu wani injiniyan kamfanin Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya fito da shi a 1959, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na rage haɗarin mutuwa ga na cikin mota da kusan rabi. Ita dai wannan hukuma a rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29.

Ita ma motar lodi yana canza mata hali. Birki ba ya kamawa da wuri, taya na ɗaukar zafi har ta kai ga fashewa, in an sha kwana da gudu kuma motar ta fi saurin kifewa. Daɗin daɗawa, yawancin waɗannan bas-bas 'yan kwatano ne, wasunsu ma motocin kaya ne a ƙasashen da suka fito, babu kujerar baya ko ɗaya. A nan ne mai walda ke ƙera benci ya kafa da 'yan kusoshi a jikin falanki ko ƙarfen da tsatsa ta ci. Ranar da aka yi karo, bencin da yaran da ke kansa tare za su tashi. In kuma wuta ta kama, ko motar ta faɗa kwata lokacin ambaliyar damina, ƙofa ɗaya ce, kuma an tare hanyarta da benci da jakunkuna. Yara 27 za su fita ta nan cikin minti nawa?

AMSA GA MASU CEWA KO A TURAI HAKA NE

Da na kai wannan magana ga wani mai makaranta, sai ya ce mini ai ko a Amurka manyan motocin makaranta da yawa ba su da bel. Maganarsa akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ya faɗa. Waɗannan manyan motoci masu ruwan ɗorawa, waɗanda aka zaɓa musu wannan launi tun a wani taro da aka yi a 1939, ƙira ce ta musamman. Tun daga 1977 dokar ƙasar ta wajabta a yi musu kujeru masu dogon baya, masu katifa mai kauri, a jera su kusa da juna, a kafa su da ƙarfi, ta yadda yaro zai zama kamar ƙwai a cikin kiret. Kujerar da aka saba yi faɗinta inci 39 ne, wato kusan mita ɗaya, ana lissafa ta wa ƙananan yara uku ko manya biyu, kuma wannan kariya ba ta aiki sai in jikin yaro gaba ɗaya yana cikin kujerar. Wanda ya zauna a gefe rabin jikinsa na kan hanya, ko wanda ke tsaye, ba ya cikin lissafi.

Sauran rabin maganar da mai makarantar bai faɗa ba shi ne, wannan doka ta 1977 ita ce kuma ta wajabta bel a ƙananan motocin makaranta waɗanda nauyinsu da kaya bai wuce kimanin kilo 4,500 ba, saboda ƙaramar mota ta fi jin karo. Hayis da danfo da korope da Siyena da ake kwasar 'ya'yanmu da su duk a wannan aji suke. Su ma manyan ba a bar su haka ba. Jihar New York ta wajabta sa musu bel tun 1987, kuma bayan haɗarin da ya kashe yara shida a garin Chattanooga a watan Nuwamba 2016, hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta ba da shawara a 2018 cewa a sa bel mai kama kafaɗa da ƙugu a duk sababbin manyan motocin makaranta, domin dogon bayan kujera ba ya tare yaro in mota ta kife ko an dake ta ta gefe.

Labarin Ingila ya fi kama da namu. A watan Nuwamba 1993 wata ƙaramar bas ta ɗauko ɗalibai daga Landan da dare, ta daki wata motar masu gyaran hanya da ke tsaye a gefen babbar hanyar M40, ta kama da wuta. Ɗalibai 12 da malamarsu da ke tuƙi suka mutu. A bayan motar benci ne masu fuskantar juna, babu bel. Iyaye suka tashi tsaye, kuma daga 1997 doka ta ce duk ƙaramar bas ko doguwar motar safa da za ta ɗauki yara a tafiyar makaranta, sai kowane yaro ya samu kujera mai fuskantar gaba da bel. A da can suna da sassaucin zaunar da yara uku a kujerar mutum biyu, amma aka ce wannan ba ya aiki a kujerar da ke da bel. Su sai da suka binne 'ya'ya kafin suka gyara. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

MAGANAR KUƊI

Yanzu bari in zo kan hujjar da ta fi kowace ƙarfi, wadda ba zan yi kamar ban san da ita ba, tunda ni ma uba ne mai biyan kuɗin makaranta. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa. Taya da batir da kayan gyara duk sun bi sahu. Mai makaranta zai ce in ya rage yara dole ya ninka kuɗin mota, in ya ninka kuma iyaye za su janye, yara su koma hawa acaɓa uku-uku ko su riƙa tsallaka babbar hanyar Legas zuwa Abeokuta da ƙafa, wanda ya fi motar haɗari. Wannan gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan duk wani gyara da zai jefa yara kan acaɓa.

To amma mu zauna mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. A ce, misali, mota tana cin naira 280,000 a wata tsakanin albashin direba da mai da gyara da takardu, yara 28 kuma suna biyan 10,000 kowanne. In aka rage su zuwa 14 a sawu ɗaya, kowa zai biya 20,000, wannan kam ya yi nauyi. Amma in aka yi sawu biyu fa? Direba ɗaya ne, mota ɗaya ce, inshora da takardu ba su ƙaru ba. A ce mai da ɗan gyara su ne 100,000 a cikin wancan kuɗi, suka ninka, jimla ta zama 380,000. In aka raba wa yara 28, kowa zai biya kusan 13,600. Ƙarin bai kai naira 4,000 a wata ba, kuma da yake na kusa za a fara kwasa ko a ƙare da su, sawu na biyu ba lallai ya kai na farko tsawo ba. Abin da zai ci shi ne sammako, wasu yara su shirya da wuri da rabin awa. Kowace makaranta da nata lissafin, amma a ɗora shi a kan tebur a gaban iyaye, kada a yanke mana hukunci a bayan idonmu cewa mun fi son araha a kan ran 'ya'yanmu. Kowa ya taɓa jinyar karaya a asibitin ƙashi na Igbobi ya san abin da kwana ɗaya ke ci a can.

Akwai kuma yaran da gidajensu ba su da nisa da makaranta, waɗanda babu babbar hanya a tsakani. Irin waɗannan in aka samu babba ɗaya amintacce yana raka su a ƙafa rukuni guda, an rage wa mota kaya, an rage wa iyaye kuɗi.

MAGANAR ƘADDARA

Wasu kuma in an yi wannan zance sai su ce ai Allah ne ke tsarewa, abin da zai faru sai ya faru. Babu Musulmin da ke jayayya da wannan. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali tare yake tafiya da riƙo da sababi, kuma kowa ya san labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Mu da muke kulle shagunanmu da kwaɗo biyu-biyu, mu ɗauki mai gadi, mu sa wa babur sarƙa, ba mu taɓa cewa wannan ya saɓa wa imani ba. In za a ɗaure raƙumi, to yaro ya fi raƙumi. 'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye mu.

GYARA KAYANKA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba makarantun wasu kaɗai ke wannan aiki ba. Islamiyyunmu da makarantun da 'yan uwanmu suka buɗe suna ciki dumu-dumu, wani lokacin ma namu ya fi muni. Ranar saukar karatu, ko musabaƙa, ko Maulidi, ko ziyara zuwa wata unguwa kamar Idi-Araba ko Mile 12, sai ka ga an ɗauko danfo an cika ta har ƙofa ba ta rufuwa, ko a zuba yara a bayan a-kori-kura suna tsaye suna waƙe, mu kuma muna gefe muna murna. Keke Marwa da aka yi wa fasinja uku a baya, sai a zuba mata yara takwas, biyu a gefen direba. Ba za mu iya zuwa gaban mai makarantar da ba namu ba mu ɗaga murya, alhali motar Islamiyyarmu tana wucewa ta ƙofarsa da lodin da ya fi nasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Daga gida za mu fara, sannan maganarmu ta yi nauyi a waje.

Kuma wannan magana ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. A cikin motar nan da na ƙirga akwai 'ya'yan Yarabawa da na Ibo da namu, cinya ɗaya suke zaune. Maƙwabciyarki Bayarabiya irin faɗuwar gaban da kike yi ita ma shi take yi. In an je taron iyaye da malamai, a je tare, a yi magana da murya ɗaya. Mai makaranta zai iya ce wa uwa ɗaya ta kwashe 'ya'yanta, amma ba zai ce wa iyaye ashirin haka ba, domin da kuɗinsu yake biyan malamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, da girmana na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Amma wannan aiki ba ya bukatar digiri, duk wanda ya iya ƙirga canji a kasuwa zai iya shi.

Na farko, gobe da safe kowane uba ko uwa ya raka ɗansa bakin mota, ya ƙirga kujerun da motar ta zo da su daga kamfani, ban da bencin da aka ƙara, sannan ya ƙirga kawuna har da na malamar rakiya. Ya duba ko akwai bel, ya ja shi ya ga yana maƙalewa. Kada a yi faɗa da direba, domin shi ma ɗan aike ne, umarni aka ba shi.

Na biyu, a tambayi makaranta cikin mutunci a ga lasin direba, da takardar shaidar lafiyar mota, da inshora, a duba ko kwanakinsu ba su ƙare ba. Wanda ba ya karatu ya tafi da wanda zai karanta masa.

Na uku, a nemi makaranta ta rubuta alkawari cewa kowane yaro yana da kujerarsa da bel ɗinsa, ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 a gaba, ba tsayuwa, ba goyo a cinya, ba tafiya da ƙofa a buɗe. Malamar rakiya ta samu tata kujerar, ta riƙe takardar sunaye, ta ƙirga yara wajen shiga da wajen fita, ta kuma leƙa har kujerar ƙarshe kafin a kulle mota, domin yaron da barci ya kwashe aka kulle a mota cikin rana zai iya rasa ransa saboda zafi.

Na huɗu, ina roƙon shugabannin wannan ƙungiya su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, a gayyaci masu Islamiyyu da shugabannin direbobinmu, a kuma rubuta wa ofishin FRSC mafi kusa a roƙi su turo jami'i ya yi wa direbobi da iyaye bayani, a samu mai fassara saboda iyaye mata. Limamanmu ma su taimaka da tunatarwa a huɗuba da wuraren karatu.

Na biyar, in an bi duk waɗannan matakai makaranta ta ƙi ji, to a kawo ƙorafi ofishin ƙungiya a rubuce, da ranar da abin ya faru da lambar motar da adadin yaran. Mu za mu kai shi ga hukumar kiyaye haɗurra, da jami'an duba lafiyar motoci na VIO, da ofishin ma'aikatar ilimi ta jiha mai sa ido a kan makarantu masu zaman kansu, da sunan ƙungiya, ba tare da an ambaci sunan wanda ya kawo ba. Kowa kuma ya ajiye lambar gaggawa ta FRSC, wato 122, a wayarsa.

Daga ƙarshe ina kira ga iyaye mata, tunda ku ne kuka fi tsayawa a bakin motar nan. Ku koya wa yaro tun yana ƙarami ya ɗaura bel da kansa, ku kuma gaya masa cewa in aka ce ya zauna a cinya ko ya tsaya, ya faɗa muku in ya dawo. Mu kuma maza masu motoci mu riƙa ɗaurawa a gabansu, domin yaro abin da ya gani yake yi. Mun baro garuruwanmu, wasunmu ma a nan aka haifi kakanninsu, duk don 'ya'yan nan su samu abin da ba mu samu ba. Bai kamata mu sha wahalar neman kuɗin makaranta ba, sannan mu yi sakaci da rabin awar da ke tsakanin gida da makarantar.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Wassalamu alaikum.

Naku,
Sakataren Ƙungiya